'Yan Daudu, Zango da Sutura: Tarihin da Ba Mu Cika Faɗa Ba



Duk lokacin da zancen namiji mai ɗabi'ar mata ya taso a majalisa, ko zancen masu neman jinsinsu, akwai amsar da muke da ita a shirye: abin Turawa ne, intanet ce ta kawo shi, kakanninmu ba su san shi ba. Amsar tana da daɗin faɗi, domin tana ɗauke mana wahalar tunani, tana kuma mai da wanda ake zancensa bare, wanda ba mu da haƙƙinsa a wuyanmu. Sai dai harshenmu bai goyi bayanta ba. Muna da ɗan daudu da daudanci, muna da maɗigo, muna da mata-maza, muna da luwaɗi da muka aro daga Larabci tun shigowar littattafan fiƙihu ƙasar Hausa. Babu ɗaya cikin kalmomin nan da ta fito daga Faransanci ko Ingilishi, kuma jama'a ba ta raɗa suna ga abin da ba ta taɓa gani ba.

Wannan rubutu ba fatawa ba ne, fatawa tana da masu ita. Tarihi ne na wasu mutane da suka daɗe a cikinmu, suna tsayawa a sahunmu, muna cin abincin hannunsu, da kuma tarihin yadda zamanmu da su ya sauya. Mu da muke tsiraru a ƙasar Bargu da ƙasar Yowa, labarin ya shafe mu ta wata fuska ta daban, za mu zo kanta a ƙarshe.

Hanyar Gwanja da halin zango

Goro ne ya kawo mu nan. A ƙarni na 18 da na 19, ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Jega, jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu da gabu, ya ƙetare Kwara, ya ratso Bargu ta Nikki da Paraku, ya yada zango a Jugu, wadda kakanninmu ke kira Zugu, kafin ya miƙe zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Madugu ke riƙe da ayari, jagaba na gaba yana duba hanya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi suna a wannan fatauci, kuma zuwa da dawowa yakan cinye watanni masu yawa. A Jugu, fadar Kilir tana gefenta, unguwar Wangara ta 'yan kasuwa Musulmi tana nata gefen, Dandanci ne harshen ciniki. Bahaushe ya samu gurbi a tsakani: baƙo ne a wurin masu ƙasa, baƙo ne kuma a wurin Dandawan da suka riga shi zama.

Zango gari ne na matafiya, don haka buƙatunsa ba irin na ƙauye ba ne. Yana buƙatar mai masauki da dillali, da malami da mahauci da wanzami, da makaɗi, da kuma wanda zai tuƙa tuwo ya sayar wa ɗaruruwan mutane da suka sauka, mafi yawansu ba tare da iyali ba. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Hausawan Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa mata masu zaman kansu suna cikin waɗanda unguwar ta ginu a kansu tun farkonta, kuma bori ya samu mazauni a cikinsu. Wannan fasali kowa ya san shi a zangunan Afirka ta Yamma. Da Turawa suka zo aka yi bariki, jirgin ƙasa ya iso Paraku daga Kwatano a shekarun 1930, manyan motoci suka riƙa kwasar kaya zuwa Malanbil da Gaya, sai tasha ta gaji aikin zangon ayari.

Irin wannan wuri yana da ƙa'idar da ba a rubuta ba: ba a tsananta tambayar mutum abin da ya raba shi da garinsu, sana'arsa da amanarsa ake dubawa. Da wannan ƙa'ida zango ya karɓi bawan da ya tsere, da bazawarar da ta ƙi komawa auren dole, da ɗan sarkin da ya rasa gadon ubansa, da almajirin da ya bi malami bai koma ba. Da ita kuma ya karɓi yaron da tafiyarsa da muryarsa da son zamansa a madafa suka hana shi sakat a gidan ubansa. Idan muna alfahari da cewa zango uwa ce ga maraya, to wannan ma yana cikin marayun da ta goya.

Wane ne Daudu?

Daudu tun asali sunan sarauta ne, kuma kirari ne na ɗaya daga cikin manyan iskokin bori, wato Ɗan Galadima: ɗan sarki kyakkyawa, mai ado da manyan riguna, mai kyauta har ta wuce kima, mai son caca. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a kan borin Kano ya buga littafinsa a 1983, ya bayyana yadda waɗannan maza ke halartar wasan bori, su yi rawa irin ta mata, su yi liƙi, musamman idan Ɗan Galadima ya hau dokinsa. Daga wannan alaƙa masana da dama ke ganin sunan 'yan daudu ya samo asali, wato 'ya'yan Daudu.

Jihadin 1804 ya yaƙi bori a fada da gari. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, domin ilimi ya maye gurbin girka. Duk da haka bori bai mutu ba. Ya ci gaba a fili a Maraɗi da Tsibiri inda sarautun Katsina da Gobir suka koma, ya ci gaba a gefen birane a cikin daular kanta, ya bi Hausawa har Tunis da Tarabulus, inda wani Bature, Tremearne, ya tarar da shi ya rubuta a 1914. Duk inda aka samu gidan magajiya, akan samu mazan da suka fi sakewa a cikin mata.

Amma ba bori ne ya ciyar da su ba, sana'a ce. Ɗan daudu shi ne mai soya kaza da ƙwai a bakin tasha, mai tuwo da miya a kasuwar dare, wanda ake kira idan biki ya yi girma tukwane suka fi ƙarfin matan gida. Shi ne ɗan aike tsakanin gidan mata da mazan gari, aikin da ya jawo masa sunan kawali. Renée Pittin ta tarar da su a gidajen mata na Katsina a shekarun 1970, suna da matsayi sananne. Jama'a tana yi musu dariya, tana kuma yin dariya da su, domin gwanaye ne na habaici da zaurance da karin magana. Aƙilu Aliyu, fasihin da ya fito daga ƙasar Jega a kan tsohuwar hanyar goro, ya yi waƙa ta sukar ɗan daudu. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fim a kansu a farkon shekarun 2000, aka sha dariya daga Kano har zangunanmu. Suka da dariya duka shaida ce cewa mutumin yana nan a tsakar gari, kowa ya san shi.

Abin da suka faɗa da bakinsu

Mafi yawan abin da aka rubuta a kansu, wasu ne suka rubuta daga nesa. Wanda ya zauna ya saurare su da Hausa tsawon shekaru shi ne Rudolf Gaudio, masanin harshe daga Amurka, da ya yi bincike a Kano tun daga shekarun 1990. Littafinsa ya fito a 2009 da sunan Allah Made Us, wato Allah ne ya yi mu. Sunan ya ɗauko irin amsar da suke bayarwa ne idan aka tsangwame su.

Abu na farko da binciken ya nuna shi ne daudanci da neman maza ba abu ɗaya ba ne. Akwai ɗan daudun da iyakarsa girki da magana irin ta mata. Akwai kuma namiji mai gemu da rawani, wanda babu mai zarginsa, alhali yana cikin waɗanda ke kiran kansu masu harka. Na farkon shi ke shan jifa domin shi ido ke gani, na biyun kuwa rigarsa da kuɗinsa sun rufe shi. Talauci yana da babban rabo a cikin wanda ake kamawa.

Abu na biyu shi ne waɗannan mutane ba su ɗauki kansu a matsayin waɗanda suka bar addini ba. Suna salla, suna azumi, suna sadaka, suna tara kuɗin Makka shekara da shekaru. Da yawansu suna aure su haifi 'ya'ya, suna ganin hakan wajibi ne na ɗa Musulmi, ba su ga ya ci karo da halinsu ba. A tsakaninsu suna kiran juna da “ke”, suna da uwa da 'ya da ƙawa, babba ta ɗauki ƙarami ta koya masa sana'a, ta tsaya masa ranar ciwo da ranar biki. Dangi ne na aro ga wanda danginsa na jini suka juya wa baya.

Abu na uku shi ne ba bakinsu ɗaya ba game da hukuncin halinsu. Wani yana ganin laifi yake yi, yana fatan tuba kafin mutuwa. Wani yana ganin halitta ce da bai zaɓa ba, sai ya bar wa Mai halitta. Wani yana kwana tsakanin biyun, yau nan gobe can. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan zama: mutum ya yi alwala, ya shiga sahu, ya ji huɗuba tana ambaton irinsa da tsinuwa, ya ce amin tare da jama'a domin kada a dube shi, sa'an nan ya koma ɗakinsa ya ɗaga hannu ga Ubangijin da aka tsine masa da sunansa, domin ba shi da wani. Kowane irin hukunci mutum ya riƙe a kan aikin, wannan ba halin wanda ya raina Allah ba ne.

Abin da ke cikin littattafan zaurenmu

Gaskiya ɗaya ce, ba a rage ta domin a faranta wa kowa. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta haramta luwaɗi, Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta ambaci hukunci mai tsanani a kansa, kuma hadisin Ibn Abbas a Buhari ya zo da tsinuwa ga mazan da ke kamanta kansu da mata da matan da ke kamanta kansu da maza. Wannan ya girmi zuwan Bature da ɗaruruwan shekaru.

Amma littattafan ba su tsaya nan ba, mu ne muka tsaya. A Madina ta zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai mazan da Larabawa ke kira muhannasai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ɗaya daga cikinsu yana shiga ɗakin Ummu Salama, har ranar da aka ji shi yana siffanta wa ɗan uwanta jikin wata mace ta Ɗa'ifa, sai aka hana shi shiga. Kafin ranar yana shiga, abin da ya fito daga bakinsa ne ya rufe masa ƙofa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wani da ya yi ƙunshi a hannu da ƙafa, aka yi umarnin fitar da shi daga gari. Da aka nemi izinin kashe shi, Annabi ya ƙi, ya kafa hujja da cewa an hana shi kashe masu salla. Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya raba su kashi biyu: wanda aka halitta da wannan ɗabi'a ba da ƙoƙarinsa ba, babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙire ta da gangan, shi ne abin zargi. Muhtasar na Halil, babban littafin alƙalanmu, da mas'alar gadon mata-maza ya rufe. Malaman farko sun san halitta tana zuwa da abin da ba ya shiga ma'auni biyu cikin sauƙi, suka zauna suka yi masa fiƙihu cikin natsuwa.

Sa'an nan akwai katangar da shari'a ta gina a kewayen mutuncin mutum. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Suratun Nur ta sa bulala 80 ga mai ƙazafin da bai kawo shaidu 4 ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito cewa Annabi ya nuna wa mutumin da ya tura Ma'izu ya tona kansa cewa da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Wannan shi ne abin da Hausawa suka fassara da sutura da rufin asiri, har ya zama addu'ar da muka fi yi wa juna. Tsohon zama da 'yan daudu a kan wannan ya tsayu. Malami yana wa'azi, ɗan daudu yana suyarsa, ranar da ya mutu a yi masa wanka a sallace shi. Ba zaman adalci cikakke ba ne, akwai raini da zagi a cikinsa, amma mutum yana iya rayuwa a cikinsa har ya tsufa.

Takari: inda fata ta yi magana

Ga Bahaushe, ɗan daudu ko waninsa, babu burin da ya kai Makka. Gaudio ya ba da labarin waɗanda suka je Jidda da Makka suka zauna shekaru suna girki da aikatau, suka dawo da sunan Alhaji da kayan ado da Larabci a baki, suna yi wa juna fari da shi. Ga mutumin da garinsu ya raina, wannan suna babbar garkuwa ce.

Amma a can ya tarar da wani ma'aunin. Mutanen Hijaz suna kiran baƙaƙen Afirka ta Yamma da sunan da ya samo asali daga tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Sanagal, wanda ya koma Takari a bakinmu. A ƙasar da ba a soke bauta a hukumance ba sai 1962, baƙar fata tana ɗauke da tarihin da ba ta zaɓa ba. Wanda ya zauna ba takarda, kullum yana cikin fargabar kamu da jirgin komowa. Sai ga mutum ɗaya da kaya uku a kai: a Kano ana raina shi domin tafiyarsa, a Jidda domin fatarsa, idan kuma ƙafa ta kai shi Faransa ko Ingila neman mafaka, sunansa na Musulmi ya zama abin tuhuma, a kuma nemi ya tabbatar wa jami'in da bai san daudanci ba cewa shi ɗin irin wanda takardunsu suka sani ne. A kowace ƙasa ana karɓar wani sashe nasa a ƙi wani.

Afirka ta Kudu ta ga irin wannan a fili. Muhsin Hendricks ɗan Musulmin Kef Tawun ne, al'ummar da mulkin wariyar launin fata ya ware ya ƙasƙantar. Ya yi karatun addini a Pakistan, ya bayyana halinsa a 1996, ya shafe shekaru yana tara Musulmi masu irin halinsa domin kada su yanke ƙauna daga addini. Malaman ƙasarsa sun yi masa raddi mai zafi. A ranar 15 ga Fabrairu 2025 aka harbe shi a cikin mota kusa da Gqeberha. Majalisun malaman da suka yi shekaru suna saɓa masa sun fito sun yi tir da kisan. Sun riƙe saɓaninsu, sun kuma riƙe haramcin jini.

Iyaka ɗaya, doka biyu

A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki domin ƙulla yarjejeniya da sarkinta. Yarjejeniyar Faris ta 14 ga Yuni 1898 ta raba Bargu biyu: Nikki da Paraku suka faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila. Hanyar goro ɗaya ta koma ƙasa biyu, kowace da kundin dokarta.

Faransa ta cire wannan laifi daga kundinta tun 1791, don haka Dahome ba ta gaji dokar ɗauri a kansa ba, kuma har yau dokar Benin ba ta hukunta manya biyu a kan abin da suka yi a ɓoye da yardarsu. Ingila kuwa ta shigo da nata kundin Arewacin Nijeriya a 1904. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa, wanda aka tsara a 1959 bisa samfurin Sudan da Indiya, ya sa ɗaurin da zai kai shekara 14 a sashe na 284, sashe na 405 kuma ya lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Da wannan, abin da yake hannun malami da mai unguwa ya koma hannun ɗan sanda.

Daga Oktoban 1999, lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, wasu jihohi 11 suka bi sahu, Kano a shekarar 2000. Aka rufe gidajen mata, aka hana wasannin da 'yan daudu ke samun abinci a cikinsu, da yawa suka watse zuwa Abuja da Legas da garuruwan iyaka, wasu suka tsuke bakinsu suka canza tafiya. A Agustan 2007 aka kama maza 18 a wani otal a Bauci bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga shiga ƙungiyarsu. A watan nan ne taron jama'a ya yi jifa a wata kotun shari'a a Bauci yana neman a kashe waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai gama sauraro ba. Binciken likitoci da aka yi a Abuja ya nuna cewa bayan dokar, tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a cikin waɗannan maza. Mai cuta da ya ɓuya ba ya warkewa, kuma da yawansu suna da mata a gida.

Kada mu ce wannan labarin ƙetaren iyaka ne. A 2021 a Kwatano, wasu mutum uku da aka haifa maza suke rayuwa a matsayin mata sun faɗa hannun gungun samari a wata mashaya. Aka doke su, aka tilasta musu tuɓewa, aka ɗauki hoton bidiyo aka watsa a Facebook da WhatsApp. Babu dokar ƙasa da ta ba da izinin haka, har kotu ta ɗaure ɗaya daga cikin maharan. Wayar hannu ta ba kowane yaro ikon zama mai gabatar da ƙara da alƙali da mai bulala a cikin minti ɗaya, ba shaida, ba tambaya, ba damar tuba a asirce.

Mu da muke tsiraru

Mun san ɗanɗanon suna da wani ya raɗa maka. An kira mu Gambari, an tambayi jikan wanda aka haifa a Zongo ko yaushe zai koma garinsu, an dube mu da wani ido duk lokacin da aka yi tashin hankali a arewacin Nijeriya ko a kan iyakar Nijar. Mun san yadda laifin Bahaushe ɗaya a kasuwar Arzeke yake zama laifin Hausawa duka kafin la'asar.

Wannan tsoro ne yake sa tsiraru su fi tsananta wa nasu. Muna gudun a ce ga abin da 'yan Zongo ke yi, sai mu yi gaggawar korar yaron tun maƙwabta ba su gani ba. To ina zai je? Ɗan Kano da aka kora yana da wata unguwar, yana da wani garin na Hausawa. Ɗan Zongon Jugu da aka kora ya rasa gida da masallaci da harshe a rana ɗaya. A waje shi Gambari ne, a ciki shi abin kunya ne. Daga nan sai tasha, sai Kwatano, sai hannun duk wanda ya ba shi wurin kwana. Abin da muke cewa muna tsoro, korar ce ke kai shi gare shi.

Ba a nemi kowa ya sauya abin da ya karanta a Risala ba. Abin da tarihin nan ke nema ya fi haka sauƙi, kuma yana cikin littattafan da muka riga muka yarda da su. Kada mu leƙa wayar wani domin neman abin tonawa. Kada mu tura bidiyon tozarci, ko da da sunan gargaɗi ne. Kada mu jefi mutum da abin da ba mu da shaidarsa, domin kawai muryarsa siririya ce ko ya iya girki. Kada uba ya rufe ƙofa da dare ya bar ɗansa a waje. Kada a hana marar lafiya magani, kada a hana mamaci salla. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sun kuma ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kakanninmu sun sauka a ƙasar da ba tasu ba, aka ba su fili a bayan gari, suka gina unguwar da ta iya ɗaukar malami da makaɗi, attajiri da bawa, mai tuwo da mai bori, kowa da inda yake tsayawa. Ba don sun fi mu sakaci da addini ba, sun dai san cewa baƙo ba ya rayuwa sai da rufin asiri, kuma wanda yake roƙon sutura ga kansa ba ya yaye ta ga ɗan uwansa. Masu unguwanni da limamai da iyaye mata na zangunanmu su ne magadan wannan hikima, a hannunsu take yau.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya shirye mu baki ɗaya.